Francis Bebey: Ɗan Kamarun Da Ya Koya Wa Jita Harshen Afirka

A ƙasar Garwa da Marwa da Ngaundare, a arewacin Kamaru, idan aka ce makaɗi, kowa ya san wanda ake nufi: mai algaita da kumatu a kumbure a ƙofar Lamiɗo ranar hawan Salla, ko mai kalangu a gidan biki, ko bambaɗe da molonsa yana jero asalin wani attajiri har sai hannu ya shiga aljihu. Sana'a ce ta gado. Ana jin daɗinta, ana yi mata kyauta, amma ba kasafai ɗan boko ko ɗan malamai yake ɗaga ido ya dube ta ba. Shi ya sa tarihin Francis Bebey ya cancanci a ba da shi a wannan yanki, ko da yake shi mutumin bakin teku ne, daga can Duwala. Ya yi karatu a Faransa da Amurka, ya riƙe babban muƙami a hukumar UNESCO, sannan yana da kimanin shekara 45 ya ajiye aikin ya rungumi jita. Ya bar faya-fayai sama da 20 da littattafai fiye da 10, kuma duk cikinsu magana ɗaya yake kafawa: kiɗan Afirka ilimi ne, yana da ƙa'ida da tsari, kuma zai iya zama a duk zauren da kiɗan Turawa ya zauna.

Asali da tasowa

An haife shi a Duwala ranar 15 ga Yuli, 1929. A lokacin mafi yawan Kamaru na hannun Faransa, tun bayan da aka fatattaki Jamusawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yaƙin da Garwa ta faɗi a cikinsa a 1915, dutsen Mora kuma ya yi taurin kai har farkon 1916. Mahaifinsa fasto ne, gidan kuma na masu ƙaramin ƙarfi ne, ga 'ya'ya da yawa. Abin da ba a rasa ba a gidan shi ne waƙa. Yaron ya buɗe kunne da waƙoƙin coci, da irin kiɗan Bach da Handel, manyan masu tsara kiɗa 'yan asalin Jamus, waɗanda Turawan mishan suka shigo da su.

Kiɗan gargajiyar Duwala kuwa a bayan gida aka ajiye shi. Mishan na ganin sa a matsayin kayan tsafi, makarantar Faransa na ganin sa a matsayin hayaniyar ƙauye. Amma akwai wani dattijo a unguwarsu, Eya Mouessé, wanda yakan kaɗa kayan kiɗan gargajiya da dare, mutane na yi masa kallon boka. Yaron fasto ya riƙa laɓewa yana sauraro. Daga baya Bebey da kansa ya sha ambatar wannan dattijo a matsayin wanda ya fara nuna masa cewa ƙasarsa na da nata kiɗan. Tun daga nan kunnensa ya rabu biyu, kuma sauran rayuwarsa ta tafi ne wajen sasanta ɓangarorin.

Abin kiɗan da ya fara riƙewa banjo ne, kafin ya koma jita yana saurayi. Banjo dai, kamar yadda masana suka tabbatar, jikan kayan tsirkiya ne na Afirka ta Yamma, dangin molo da gurmi, waɗanda bayi suka tsallaka teku da iliminsu zuwa Amurka. Ashe tun farko hannun yaron bai yi nisa da gida ba.

Faransa, da haɗuwa da jitar Sifen

A farkon shekarun 1950 ya tafi Faransa karatu. A can ya haɗu da wani ƙaramin ɗan garinsu, Manu Dibango, wanda aka haifa a 1933, Bebey kuma ya zama masa kamar yaya a harkar kiɗa. Dibango, wanda daga baya duniya ta san shi da "Soul Makossa", bai taɓa ɓoye cewa Bebey na cikin waɗanda suka buɗe masa ƙofar kiɗan jaz ba. Shi kuwa Bebey, bayan ya ɗanɗani jaz, sai ya ci karo da abin da ya juya masa alƙibla: kiɗan Andrés Segovia, ɗan ƙasar Sifen.

Kafin Segovia, wanda ya rayu daga 1893 zuwa 1987, manyan makaɗan Turai na yi wa jita kallon kayan mashaya da dandalin rawa. Shi ne ya ɗauke ta ya hau da ita manyan zaurukan duniya, shi kaɗai a kan kujera, babu ganga babu mawaƙi, ɗaruruwan mutane su yi tsit suna sauraro. Wannan shi ne kiɗan kilasik: ana rubuta shi a takarda da alamomi na musamman, ana tsara shi gaɓa-gaɓa, kuma wanda bai taɓa ganin mai shi ba zai iya ɗaukar takardar bayan shekara ɗari ya kaɗa shi yadda aka tsara.

Jitar da ake wannan kiɗa da ita tsirkiyarta shida ce, ta nailan, kuma da yatsu da farce ake taɓa ta. Babban yatsan hannun dama shi ke riƙe da kaurin murya a tsirkiyoyin da suka fi kauri, yatsu uku kuma na ɗauke da siririyar murya da rakiyarta, hannun hagu na kai-komo a wuyan jitar yana danne inda ya kamata. Idan gwani ne, sai ka rantse mutum uku ne ke kiɗan. Wanda ya san yadda Ɗanmaraya Jos yake fitar da magana daga tsirkiya ɗaya tal ta kuntigi, zai gane abin da mai hikima zai iya yi idan aka ba shi shida.

Darasin da Bebey ya ɗauka daga Segovia ya wuce na yatsu. Ya ga yadda mutum ɗaya ya ɗaga abin da aka raina har manya suka miƙe masa tsaye. Sai ya ƙudurta cewa abin da aka yi wa kiɗan Sifen za a iya yi wa na Kamaru.

Ma'aikacin rediyo

Duk da haka, ba da jita ya fara cin abinci ba. Ya yi karatu a jami'ar Sorbonne a Faris, ya koyi aikin rediyo a makarantar da Faransa ta buɗe don horar da ma'aikatan gidajen rediyon Afirka, ya kuma ƙaro ilimin jarida da watsa labarai a New York. Ya yi aiki a rediyon Gana a zamanin Kwame Nkrumah, lokacin da ƙasar ke ɗokin 'yancin da ta samu a 1957. A 1961 ya shiga UNESCO, inda ya fara a sashen watsa labarai, daga bisani ya zama mai kula da harkar kiɗa. A 1963 ya wallafa littafinsa na farko, "La Radiodiffusion en Afrique noire", a kan halin da rediyo ke ciki a Afirka.

Mutanen arewa ba sa buƙatar a gaya musu muhimmancin wannan batu. Sun san abin da Rediyon Garwa ya zama a zamanin gajeren zango, lokacin da shirye-shiryensa na Hausa da Fillanci ke tsallaka iyaka, ana kama su a Yola da Mubi har cikin ƙasar Hausa. Bebey na cikin waɗanda suka fara fahimtar cewa a nahiyar da yawancin jama'a ba su karanta boko, wanda ya riƙe rediyo ya riƙe kunnen al'umma.

Shekarun nan sun zo wa gidansu da ɗaci. Kamaru ta sami 'yanci ranar 1 ga Janairu, 1960, ƙarƙashin Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa. Yayan Francis, Dakta Marcel Bebey Eyidi, likita ne kuma ɗan jarida, mai jaridar "L'Opinion au Cameroun", sannan ɗan majalisa. A 1962 shi da André-Marie Mbida da Charles Okala da Théodore Mayi Matip suka fito fili suka ƙi amincewa da shirin mayar da ƙasar ta jam'iyya ɗaya. Aka gurfanar da su bisa dokar hana zagon ƙasa, aka ɗaure su. Marcel ya fito daga kurkuku a 1965, ya rasu a 1966. Francis bai shiga siyasa ba, kuma a Faris ya yi sauran zamansa, sai dai ziyara. Amma wanda ya karanta littattafansa zai ga cewa bai daina yi wa masu mulki shaguɓe ba har ƙarshen rayuwarsa.

Jitar da ta yi magana

A 1965 faifansa na farko ya fito, "Pièces pour guitare seule", wato kiɗe-kiɗen jita zalla, a kamfanin Ocora, wanda aka kafa a Faransa don adana kiɗan gargajiya na Afirka da sauran duniya. A ciki akwai "Le Christ est né à Bomba" da "Black Tears", wanda ya tsara saboda gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka. A 1968 ya fitar da "Concert pour un vieux masque".

A nan ne gwanintarsa take, kuma a nan ya kamata a tsaya a duba. Bebey ya zauna irin zaman makaɗin kilasik, ya riƙe jita irin riƙonsu, amma abin da ke fita daga cikinta na gida ne. Yakan bugi cikin jitar da tafin hannu da yatsu, katakon ya amsa da muryar ganga, alhali tsirkiyoyin na ci gaba da tafiya. Yakan danne tsirkiya ya kashe amonta, sautin ya fito gajere a bushe. Yakan ɗauki jimla ɗaya ta kiɗa ya yi ta juya ta, kowane zagaye da ɗan abin da ya sauya, yadda makaɗan Afirka ke yi tun fil azal. Yakan haɗa taki biyu a lokaci guda, babban yatsa na tafiya da uku-uku, sauran yatsu na tafiya da biyu-biyu, su rabu su sake haɗuwa. Kunnen Bature kan ji wannan a matsayin sabon abu mai wuya. Kunnen da ya saba da kalangu da kurkutu kuwa ya san wurin.

"Concert pour un vieux masque" labari ne aka ba da shi da jita. Wata tsohuwar fuskar itace ce, irin wadda ake sassaƙawa don bukukuwan gargajiya, aka ɗauke ta daga Afirka aka kai ta gidan tarihi a Barazil, kewar gida ta dame ta har ta tsage. Tun a 1968 ke nan Bebey yake taɓo zancen kayan tarihin Afirka da ke tsare a gidajen ajiya na ƙetare, zancen da sai a 'yan shekarun nan gwamnatoci suka ɗauke shi da gaske.

Da wannan jita ya zagaya ƙasashe da dama, har ya hau dandalin Carnegie Hall a New York, zauren da Segovia ma ya taka.

Alƙalami

Yana cikin wannan kuma yana rubutu. A 1967 kamfanin ɗab'i na CLE da ke Yawunde ya buga ƙagaggen labarinsa, "Le Fils d'Agatha Moudio", wanda ya ci babbar lambar adabin Afirka baƙar fata a 1968. Labarin wani masunci ne, Mbenda, wanda mahaifinsa ya yi masa wasiyya a gadon mutuwa cewa ya auri 'yar amininsa, alhali ko cikinta ba a ɗauka ba. Zuciyarsa kuwa na wurin Agatha, wadda duk gari ke zunɗe. Ya bi wasiyya ya auri Fanny, ya bi zuciya ya ƙara da Agatha, sannan kowace ta haifa masa ɗan da ba nasa ba, na Agatha ma fari sol. Mai karatu na dariya, amma a ƙarƙashin dariyar akwai auren dole, da kishi, da ɓarnar da zaman Turawa ya bari a ƙauyukan bakin teku. Bahaushen da ya saba da littattafan soyayya na Kano ba zai ji baƙunta a cikin wannan gida ba.

Wasu littattafan suka biyo: "La Poupée ashanti" a 1973, a kan matan kasuwar Akara da ƙarfinsu a siyasa, "Le Roi Albert d'Effidi" a 1976, da "Le Ministre et le griot" a 1992, wato minista da maroƙi. Amma littafin da ya fi shafar batunmu shi ne "Musique de l'Afrique" na 1969, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1975. A cikinsa ya yi bayanin kayan kiɗa iri-iri, da matsayin murya, da yadda ganga ke kwaikwayon hawa da saukar harshe, da yadda kiɗa ke rakiyar ɗan Afirka daga suna zuwa aure zuwa aikin gona. Ya ba maroƙa wurinsu a matsayin ma'ajiyar tarihi da asali. Littafin na cikin na farko-farko da ɗan Afirka ya rubuta wa duniya a kan wannan fanni, a lokacin da kusan duk abin da ake karantawa baƙi ne suka rubuta. Har gobe ana amfani da shi a jami'o'i.

Ajiye aiki

A 1974 ya bar UNESCO. A ma'aunin mutanenmu wannan wauta ce tsagwaronta: mai iyali, mai albashin ƙasa da ƙasa, ya saki reshe ya kama ganye. Shi kuwa ya ga ya daɗe yana rubuta rahoto a kan kiɗa, lokaci ya yi da zai ba kiɗan kansa dukan ƙarfinsa.

Ya buɗe ɗakin ɗaukar sauti a cikin gidansa a Faris, ya kafa kamfanin faya-fayansa mai suna Ozileka, don kada wani ɗan kasuwa ya gaya masa irin kiɗan da ya dace da baƙar fata. Ya sayi na'urorin lantarki masu ƙirƙirar sauti da injin buga ganga, a lokacin da ƙalilan ne daga makaɗan Afirka suka taɓa su. Yakan ɗauki kiɗa ɗaya, ya dawo ya ɗora wani a kai, ya sake ɗora murya, shi kaɗai ya zama ƙungiya. Yana waƙa da harshen Duwala da Faransanci da Ingilishi.

Daga wannan ɗaki ne waƙoƙin da suka kai sunansa kowane lungu na Afirka mai jin Faransanci suka fito. "La Condition masculine" kukan wani magidanci ne da matarsa ta waye ta daina yi masa yadda ya saba, kuma Bebey ya tsara ta yadda mijin ne ke kunyata kansa da bakinsa. "Agatha" kuwa daga labarin littafinsa ta fito. A 1977 ƙungiyar SACEM ta masu tsara kiɗa a Faransa ta ba shi lambar yabo ta waƙa. Wasu masoya jitarsa ta da suka ga kamar ya sauka daga daraja zuwa barkwanci. Amma duk wanda ya san waƙar zambo da habaici ya san cewa da dariya ake haɗiyar da magana mai ɗaci.

Komawa ga tushe

A shekarun 1980 ya sake juyawa. Ya ɗauki sanza, wato ɗan akwatin nan mai haƙoran ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu biyu, ya gina faya-fayai a kansa, irin su "Akwaaba". Ya kuma koyi busar n'dehou daga mutanen dajin Afirka ta Tsakiya. Wannan ɗan guntun sarewa ce mai sauti ɗaya tak. Mai busa yakan hura sau ɗaya, ya cike gurbin da muryarsa, ya sake hurawa, har busa da murya su sarƙe su zama waƙa. Irin wannan dabara ta raba sauti tana nan a duwatsun Mandara na arewacin Kamaru, inda masu sarewa ke tsayawa a jere, kowa na da 'yan sautukansa, sai an haɗa su waƙar ke cika. Kamfanin Ocora ya ɗauki wannan busa ta Mandara a faifai.

Ya yi wa fim ɗin "Yaaba" na Idrissa Ouédraogo, ɗan Burkina Faso, kiɗa a 1989. A 1994 ƙungiyar Kronos Quartet ta Amurka, masu gogen Turawa huɗu da suka shahara a sabon kiɗan kilasik, suka nemi ya tsara musu kiɗa, ya rubuta "Kasilane". A wannan shekarar ce kuma littafinsa "L'Enfant-pluie" ya ci lambar Saint-Exupéry. Ya rasu a Faris ranar 28 ga Mayu, 2001, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 71.

Bayan rasuwarsa sunansa ya sake tashi. A 2012 wani kamfanin Faris, Born Bad, ya tattara kiɗansa na lantarki na 1975 zuwa 1982 a faifai ɗaya, a 2014 ya ƙara da na sanza, matasan Turai da Amurka suka yi ca a kai. Ranar 15 ga Yuli, 2013, Google ya sa hotonsa a shafinsa na farko don tunawa da haihuwarsa. A 2017 ƙungiyar Arcade Fire ta Kanada ta ɗauki busar "The Coffee Cola Song" ta sa a waƙarta "Everything Now", kuma ɗansa Patrick ne ya busa. 'Yarsa Kidi Bebey ta rubuta labarin gidansu a littafin da ya fito a 2016.

Abin da ya rage wa arewa

Arewacin Kamaru bai rasa waɗanda suka gwada irin wannan tafiya ba. Ali Baba, wanda aka haifa a Garwa a 1956, ya yi rawa a ƙungiyar raye-raye ta ƙasa, ya ɗora kiɗan arewa a kan kayan zamani har kudu ta san shi, kafin rasuwarsa a 2004. Isnebo da ƙungiyar Faadah Kawtal sun kai waƙar Fillanci nesa da bakin Binuwai. Amma aikin da Bebey ya yi yana da ƙafa uku: kaɗawa, da tsarawa a takarda, da rubuta bayani. A arewa ta farkon ce ta fi ƙarfi, sauran biyun na ɗingishi. Tsohon mai garaya ko mai goge idan ya kwanta dama, sau da yawa da taken da ya gada yake tafiya, domin 'ya'yansa sun kama acaɓa ko sun tafi boko, kuma babu wanda ya zauna da shi ya ɗauka.

Yanzu kuwa uzuri ya ragu. Akwai jami'a a Ngaundare tun 1993, a Marwa tun 2008, a Garwa tun 2022. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta fi na'urar da Bebey ya yi aiki da ita a ɗakinsa ƙarfin ɗaukar sauti. Fadojin Garwa da Marwa da Rai Buba da Ngaundare har yanzu na da makaɗansu. Kira a nan ga sarakuna ne su buɗe ƙofa, ga malaman jami'a su tura ɗalibai su ɗauki take da kirari da sunan wanda ya kaɗa, ga iyaye kuma su daina ganin yaron da hannunsa ya faɗa kan molo ko jita a matsayin wanda ya lalace. Wanda zai yi wa kiɗan arewa abin da Francis Bebey ya yi wa na Duwala, daga cikin 'ya'yan arewa zai fito, kuma ya kamata ya fara tun tsofaffin makaɗan na da rai.